Yadda Gwaggo Ta Koya Mini Cin Kano

A zangon Kumasi aka haife ni, kuma sai da na haura shekara talatin kafin na taka ƙasar Kano. Kakana ne Bakano. Fataucin goro ya fitar da shi daga gida yana saurayi, ya bi sawun waɗanda suka riga shi zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, ya yi aure a can, bai sake komawa ba. Abin da ya bar mana shi ne harshe, da tuwo, da wani kirari da yake jefa mana duk lokacin da ya ga mun cika baki: "Kano tumbin giwa, yaro ko da me ka zo an fi ka." Da hunturun bara na tattara na zo ganin dangi, na sauka a Koki, gidan 'yar ƙanen kakan nawa, wadda nake ce wa Gwaggo. Tsarabata ƙwarya biyu ce ta goro, a lulluɓe cikin ganye, don mahaifina ya ce ko me zan kai bayan wannan yake.

Washegari na shirya fita. Ina da jerin wurare a waya, waɗanda na tsinto a intanet tun ina gida: Dala, Kurmi, Ƙofar Mata, Gidan Makama. Ɗan Gwaggo, taubashina ke nan, ya ce in jira ya dawo daga shago ya raka ni. Na ce ya bar shi, ai ni ma Bahaushe ne, ba zan ɓata a garin kakana ba. Ya yi dariya ya ce, "Bagwanje, Allah ya kiyaye hanya."

Ban fita ba sai bayan ƙarfe goma sha ɗaya. Na hau Dala rana na tsaka, ƙura ta rufe gari, ban ga komai ba sai rufin kwano. Na gangaro na shiga Kurmi, na yi ta zagaye layi ɗaya har wani mai shago ya fara yi mini sannu da dawowa. Na sayi jakar fata a kan kuɗin da aka fara faɗa mini, don kunyar tayi ta kama ni. Yunwa ta taso, na sayi gurasa a leda wurin wani yaro mai talla, na haɗa da kilishin da wani ya miƙo mini ta gefen adaidaita sahu a cunkoson hanya. Gurasar tana ɓarɓashi a hannu, kilishin kuwa ka ce tafin takalmi. Kafin la'asar na dawo gida da ciwon kai, ina ce wa raina ashe labarin Kano ya fi Kano.

Gwaggo tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa. Ba ta tambaye ni abin da na gani ba. Cewa ta yi, "Ɗan nan, me ka ci?"

Na miƙa mata ledar. Ta ɓalli gurasar, ta shinshina, ta ajiye gefe. "Wannan ta kwana, wataƙila ma kwana biyu. Kilishin nan kuwa ko mai shi ba zai ci ba." Sai ta tambayi lokacin da na fita, na faɗa mata, ta girgiza kai. "Ai Kano ba a cinta da rana tsaka. Kowane abinci da sa'arsa, kowane wuri da sa'arsa. Gobe daga masallacin asuba kada ka dawo gida. Ɗan'uwanka zai bi ka. Kada ka cika ciki a wuri guda. Duk inda kuka je, gaisuwa tukuna, wayar nan taka tana aljihu. A kasuwa kuma ka yi shiru, shi zai yi magana."

Na ce, "Gwaggo, me ya sa zan yi shiru?"

Taubashin nawa ya karɓe: "Saboda jiya na ji ka ce 'Gwaggo ya ce'. Kana buɗe baki kuɗin kaya ya ninka."

Gaskiyarsa. Hausarmu ta zango ba ta cika raba mace da namiji ba, kowa "ya" ne, kuma kunnen Bakano ba ya barin wannan ya wuce. Gwaggo ta tsawata masa tana dariya, sannan ta ɗebo goro kamar goma daga cikin wanda na kawo, ta ƙulle a tsumma mai laima, ta ce in sa a aljihu. "Za ka ga amfaninsa."

Da aka sallame sallar asuba muka tsaya wurin wata mai koko a bakin lungu. Sanyi yana ratsa riga. Na ɗaga hannu zan ce a ƙaro ƙosai, taubashina ya riƙe hannun: uku-uku kawai, da koko rabin kofi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurina, don koko da ƙosai mu muka koya wa mutanen Gana, har sunan suka ɗauka. Bambancin shi ne namu na zango ya fi yaji da citta, nasu ya fi tsami.

Muka isa gindin Dala gari bai gama wayewa ba. Matakalar da ta galabaitar da ni jiya, yau ko haki ban yi ba. A sama iska ce kawai da wasu samari biyu masu motsa jiki. Hazo bai tashi ba tukuna, sai ga birnin a shimfiɗe: hasumiyoyin babban masallacin Juma'a can gefen fada, Gwauron Dutse daga yamma, hayaƙin girki yana fitowa daga tsakar gidaje, muryar almajirai tana tasowa daga makarantun allo ta kowace kusurwa. Daga nan ne mutum yake gane cewa cikin birni daban, waje daban. Lungunan cikin birni a murɗe suke kamar hanji, ba titin da ya miƙe.

Taubashina ya nuna mini inda ake cewa nan Barbushe, shugaban mutanen Dala na da, yake hawa shekara-shekara wurin Tsumburbura, abin bautarsu, tun kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999. Ya ce in ina son ganin dutsen nan cike da mutane in zo ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi. Na tambaye shi ganuwa, ya yi nuni da hannu nan da can, inda ta rage. Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Yau wani wurin tudun ƙasa ne kawai, wani wurin gini ya cinye. Wannan ya taɓa ni fiye da yadda na zata, don kakana yakan ba mu labarin kaurinta kamar abin da ba zai taɓa gushewa ba.

Daga Dala muka gangara da ƙafa zuwa Jakara. Nan ne na fahimci abin da Gwaggo take nufi da sa'a. Taubashina ya yi sallama a ƙofar wani gida, aka ce mu dakata, sannan wata dattijuwa ta ce mu shigo soro na biyu, inda ake gashi. Tanderu uku ne, manyan tukwanen ƙasa, an cika su da wutar kara har cikinsu ya yi fari. Matar da ke gashin ta tsoma hannu a ruwa, ta ɗebo ƙullin fulawa, ta faɗaɗa shi a tafi, ta zura hannun cikin tanderun ta manna a jikinsa, ta zaro hannun kafin in ƙifta ido. Haka take yi, ɗaya bayan ɗaya, tana hira da mu ba ta ko kallon wutar. Ta rufe bakin tanderun, bayan ɗan lokaci ta buɗe ta fara ɓamɓaro su. 'Yan sari suna tsaye a waje da kwanduna.

Ta miƙo mini guda. Na yi ta juya ta daga hannu zuwa hannu saboda zafi. Gefen da ya manne da tukunya ya yi ƙamas, ɗaya gefen laushi kamar auduga, ga ƙanshin hayaƙin kara. Abin da na saya jiya da wannan, suna kawai suka haɗa. Na ciro goro biyu na ajiye wa dattijuwar. Ta ɗaga ɗaya ta duba, ta ce, "Wannan ba na nan kusa ba ne." Da aka ce mata daga Kumasi nake, sai ta gyara zama. Ita ce ta gaya mini gurasa abincin Larabawa ce tun asali, waɗanda suka zo fatauci ta hamada daga Turabulus da Gadamas suka zauna a birni, shi ya sa har yanzu akwai unguwar da ake kira Dandalin Turawa, don a da Larabawa ake ce wa Turawa. Alfindiki ma sunan masaukin fatake ne da Larabci.

Ba ta bar mu mun fita da ita gaya ba. Ta tura mu wurin wani mai bandashe a bakin titi. Ya tsoma gurasar a ruwa ya cire nan take, ya shimfiɗa a faranti, ya barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli mai yaji, ya zuba man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir a kai. Guda ɗaya muka raba, bisa umarni. Na so in karya dokar Gwaggo a nan, ba zan ɓoye ba.

Kurmi tana maƙwabtaka da Jakara, kuma mun shige ta da hantsi, lokacin da masu shaguna suka gama shara suka zauna. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Jiya na ɗauka ruɗani ce kawai. Ashe kowace sana'a da layinta: dukawa da jakunkuna da takalma da titimi, 'yan sirdi da linzami da likkafa da kayan adon doki, masu turaren wuta, masu littattafan addini da alluna da tawada, masu sassaƙe-sassaƙe da saiwoyi na magani, masu ƙore da ludaya. Wanda ya san layukan ba ya ɓata. Layin 'yan sirdi ya fi riƙe ni. Wani dattijo yana ɗinkin jalala, ya ce da Sallah ta gabato ba za mu samu wurin tsayawa ba, don duk mai doki a garin nan sai ya biyo. Daga nan hira ta koma kan hawa: hawan Sallah, washegari hawan Daushe, sannan hawan Nasarawa. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da take karewa, amma dattijon bai nuna abin ya dame shi ba, allurarsa kawai yake ja.

A layin dukawa na ga irin jakar da na saya jiya. Na yi shiru kamar yadda aka ce. Taubashina ya gaisa da mai shagon, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, sai can ya ɗauki jakar kamar bai damu da ita ba.

"Alhaji, nawa wannan?"

Aka faɗa. Ya taya ƙasa da rabi.

"Albarka."

Ya ƙara kaɗan. "Albarka, ɗan'uwa, ko sarinta bai kai ba." Ya ajiye jakar, ya yi kamar zai wuce, aka kira shi. Da aka sallama, kuɗin bai fi rabin abin da na biya jiya ba. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya ɓata rai, har mai shagon ya ƙara mana ƙaramin zabira gyara. Sai a lokacin taubashina ya ce masa, "Wannan ɗan'uwana ne daga Gwanja." Mutumin ya dube ni ya yi murmushin da na gane ma'anarsa. Na ba shi goro, ya ɓare ya ci, ya shiga ba ni labarin Alhasan Ɗantata, wanda shi ma da goron Gwanja ya fara kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 harkar gyaɗa ta buɗe. Ya ce in ina son ganin inda goro yake sauka yanzu in je Mariri.

Bayan azahar rana ta buɗe. Muka zauna a inuwa kusa da wata Bafulatana, ta dama mana fura a ƙwarya da ludayi, ta tambaya ko a sa sukari. Taubashina ya ce kaɗan. Abincin ranarmu ke nan, sai garau-garau faranti ɗaya da muka yi tarayya. Shinkafa da wake ce da mai da yaji, kakar abin da mutanen Gana suke kira wace, wanda mu muke dafawa da karan dafi ya yi ja, a tara masa miya da taliya da ƙwai. Na ce masa namu ya fi. Ya ce namu ya yi ado ne don ba shi da kyau.

Gidan Makama muka nufa a adaidaita sahu, don tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano. Nan Rumfa ya zauna kafin ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, wadda take tsallaken fili. Yanzu gidan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, lokacin Sarki Alu ba ya gari. Ni dai ginin ne ya fi ɗaukar hankalina. Waje ana ƙuna, ciki sanyi kamar randa. Na ɗaga kai na daɗe ina kallon yadda aka ɗaure rufin da azara, bakuna suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, ba ƙarfe ba siminti. Fada kuwa daga waje muka tsaya. Muka gaida dogarai a Ƙofar Kudu, muka wuce ta gaban masallacin, wanda aka sake ginawa a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Da la'asar sakaliya muka isa marinar Ƙofar Mata. Allon da ke bakin wurin ya ce tun 1498 ake rini a nan. Hannuna ya kai aljihu zai ciro waya, na tuna, na ciro goro maimakonta. Muka tsuguna muka gaida wani tsoho da ke bakin karofi, hannayensa shuɗi har wuyan hannu.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa, samari. Daga ina?"

Ya karɓi goron, ya nuna mini dutsen da zan zauna. Ya ce ganyen baba ake zubawa a ramin, da toka da kanwa, a bar shi makonni yana ruɓa, ana motsawa, har ruwan ya nuna. Ya ɗauko wani farin yadi da mata suka ƙulle da zare a gida, ya tsoma, ya danna, ya ɗago. Abin mamaki, kore-kore ya fito. Ya riƙe shi a iska, ina kallo yana juyewa shuɗi a hannunsa. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Ya ce iska ce take rinin, ruwan ɗauka kawai yake, kuma yawan tsomi shi ke kawo duhun launi. Ramuka da yawa a kewayenmu a bushe suke, wasu shara ta cike. Na tambaye shi dalili. Ya ce atamfa ta yi arha, bature kuma ya kawo garin rini na gwangwani wanda ba ya jiran makonni. Bai ƙara a kai ba.

Daga bayanmu wani sauti yake tashi, dum-dum, dum-dum, kamar kiɗa. Mabuga ce. Maza a zaune a jere, sun shimfiɗa shadda a kan gungumen itace suna dukanta da manyan taɓare gajeru, hannu yana bin hannu, har yadin ya ɗauki ƙyalli. Tsohon da kansa ya ce, "Ba za ka ɗauki hoto ba? Ka kai wa mutanen Gwanja." Sai a lokacin na fito da wayar.

Agadasawa ba nisa daga nan. Mun tarar ana kwashe shanyar nama daga kan gadajen kara. Mai kilishin ya nuna mini yadda ake feɗe tsoka da wuƙa har ta zama kamar takarda, a shanya, a tsoma a labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a gasa sama-sama a kan garwashi. Ya ɓallo mini daga wanda ya sauka yanzu. Yana karyewa a baki, man gyaɗar yana fitowa, yajin sai daga baya yake isowa. Taubashina ya ce in zaɓi marar ja sosai in dai tafiya zan yi da shi, kuma a naɗe a takarda, kada a sa a leda yana da ɗumi. Na sayi na mahaifina, na sayi na maƙwabta.

Bayan magariba ƙanshin tsire ya cika titi, masu balangu sun kunna fitila. Na dubi taubashina. Ya ce, "Tsinke ɗaya. Tuwo yana jiranka, kuma in ka bar shi ni za a yi wa faɗa."

Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, kabewa ta narke a ciki, ga man shanu yana yawo a kai. Gwaggo ta ce wannan ba a saye a titi, mai son tuwon Kano sai ya samu gidan da za a kira shi. Ta zauna tana kallona har na suɗe hannu. Ta ce ta riga ta aika wa wata maƙwabciyarta mai yin kayan gara, alkaki da dubulan da nakiya, za su samu kafin ranar tafiyata. Sannan ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"To, ɗan nan, me ka ci?"

Na lissafa mata tun daga koko har tsire. Tana gyaɗa kai. Da na gama ta ce, "Ɗanwake fa?"

Na dubi taubashina, ya sunkuyar da kai.

"Waina?"

"A'a, Gwaggo."

"Goron nan saura nawa?"

Na laluba aljihu. "Uku."

Ta miƙa hannu ta jawo ƙwaryar ta fara ƙirgo wasu. "Mai wainar tana ɗora tanda kafin a kira sallah, ƙarfe takwas ta kwashe. Je ka kwanta."